Kafin Mu Kashe Firjin Inna

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai tarin yawa daga ƙaninki da duk mutanen gida, tare da fatan wannan takarda za ta iske ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki da yara. Allah Ya ƙara miki ƙarfin tsayuwar da kike yi a kan marasa lafiya, Ya sa aikin ya zame miki lada, Ya raya mana zuri'a baki ɗaya. Mu nan lafiya lau muke, sai zafi da ya sa kowa a gaba. Maman yara ta warke daga ciwon haƙorin da ya hana ta magana, yanzu tana rama duk abin da ta tara, a kaina kuma take ramawa. Gwaggo ta ce ta koma gidan ɗanta, amma ta bar jakarta da tabarmarta a nan, kin san abin da hakan yake nufi. Baba yana cin abinci, yana shan maganin hawan jininsa in an tsaya a kansa. Idon ne dai yake ƙara ja baya, kunne kuwa yana nan ras, har gulmar da ake yi a kicin yana ji daga zaure.

Na san za ki ce me ya hana ni kiran waya na tsaya rubutu. In na kira ki, kafin in kai tsakiyar magana kin katse ni kin yanke hukunci, ni kuwa wannan maganar ina so ki ji ta daga farko har ƙarshe. A kan firjin Inna ne, wanda ya faɗo a rabonki kika ce a bar shi a ɗakinta yadda yake. Baba yana so a zuƙe gas ɗinsa a kashe shi gaba ɗaya, kuma ya ce ba zai taɓa shi ba sai da izininki, tunda kayanki ne. Kada hankalinki ya tashi, lafiyarsa ƙalau. Bari dai in ba ki labarin yadda aka yi mutumin da ba ya yarda a matsar da ko tsintsiya a ɗakin nan ya kai ga wannan shawara.

Kwanakin baya ƙungiyarmu ta masu gyaran firji ta kira mu bita. Ni dai na je ne don an ce za a raba kayan aiki. Wata malama ce ta zo, siririya mai saurin magana, ta fara da tambayarmu ina muke kai tsohon gas in za mu yi gyara. Muka kwashe da dariya, don ina kuwa za a kai shi? A datse bututu ya fita, iska ta kwashe, shi ke nan. Ta ce iskar ba ta kai shi ko'ina, sama yake hawa ya zauna yana riƙe zafin rana yadda murfi yake riƙe zafin tukunya, kuma yana cikin abubuwan da suke sa zafi ƙaruwa da damina rikicewa. Ta ce ɗan abin da ke cikin firji ɗaya, wanda bai kai nauyin kofin ruwa ba, in na tsohon yayi ne, ɓarnarsa ta kai ta hayaƙin motar da ta yi wata da watanni tana yawo. Nan dariyata ta tsaya, don abin ya ɗaure mini kai.

Kin san ni da tambaya, tun ina ƙarami kike korata daga kicin saboda ita. Na ɗaga hannu na ce yaya abin da yake daskarar da ruwa a ƙasa zai hau sama ya koma dafa mutane? Ta ce ai gas ba ya ƙera sanyi, zafin cikin firji yake ɗauka ya kai shi baya ya zubar. Wallahi Yaya, tun tasowata hannuna yake jin ɗumin nan na bayan firji, ban taɓa tsayawa na tambayi daga ina yake ba. Na ce ashe dama ɗan dako ne, aikinsa ɗaukar zafi, in an sallame shi ma bai iya zama hannu sake ba. Ta yi dariya ta ce masana ba za su sa hannu a bayanina ba, amma in riƙe shi haka ya ishe ni aiki. Sai na sake tambaya, wannan karon da ɗan zafi. Na ce a unguwarmu gidajen da ba su da firji sun fi masu shi yawa, wutar ma sai an ga dama a kawo, ga ƙasashe can masu masana'antu da motoci kamar ƙasa, me ya sa mu za a ɗora wa gyara? Ba ta musa ba. Ta ce gaskiya ne nauyin ba ɗaya ba ne, kuma ita ma tana faɗa musu haka in ta samu bakin magana. Amma ta ce firjin da ya gaji a can, nan ake kawo shi ya ƙarasa, a hannunmu yake mutuwa, don haka hannun ƙarshe da yake taɓa gas ɗin namu ne. Shi ya sa nake so ki bincika mini, tunda a can kike zaune: in firjinku ya lalace kuka fitar da shi waje, wa yake ɗauka, kuma ina ake kai shi? Kada dai a ce naki ne nake ta fama da shi a shago ban sani ba.

Ƙungiya ta samu inji ɗaya, muna karɓa-karɓa. Girmansa kamar ƙaramin janareto, da tiyo biyu, ɗaya ka haɗa da firji ɗaya da tukunyar gas, ya zuƙe tsaf ya ɗura. In tukunya ta cika mota ta zo ta ɗauka, wai ana tace mai kyau a sake amfani da shi, na tsohon yayi kuma a ƙona shi a wata irin wuta da ta fi ta maƙera zafi nesa ba kusa ba. Ban ga wurin da idona ba, kuma ina so in gani, don har yanzu ban gane yadda ake ƙona abin da ba ya kama wuta ba.

Abin da babu wanda ya hango a cikinmu shi ne maganar ƙara. Kin tuna yadda Baba yake yi in an kawo firji: sai ya kira mai shi ya tsaya kusa, ya sa filaya ya datse bututu, gas ya yi fiiish, ya ce to an ji tsohon ya fita. Duk garin nan a haka aka saba, mu ma da muka koya a hannunsa haka muke yi, wannan ƙarar ita ce shaidar an yi aiki. Yanzu kuwa inji ya yi ɗan gurnani ya yi shiru, sai mai firji ya tsaya yana kallona kamar na cinye masa wani abu. Hajiya mai ƙanƙara, wadda take da manyan firizoji a bakin kasuwa, ita ce ta fi ba ni wuya. Ta ce ita ba yarinya ba ce, tun kafin a haife ni ake mata gyara, in ba ta ji fitar gas ba to tsohon yana nan ciki na ɗora sabo a kai. Na rantse mata, ta ce in ajiye rantsuwata ba ita ta zo nema ba. Da na rasa yadda zan yi, na ari sikelin mai kifi na maƙwabta, na ɗora tukunyar a gabanta kafin aiki, na sake ɗorawa bayan aiki, ta ga allura ta matsa da idonta. Na ɗauka an gama. Sai cewa ta yi tunda abin yana da nauyi to kayanta ne, in ba ta ta tafi da shi gida. Na ce me za ta yi da shi, ta ce wannan ba ruwana. Da ƙyar muka rabu a kan cewa zan gaya wa masu ɗauka nata ne a ciki, kuma na gaya musu, don na san za ta tambaya.

Shi kuwa Baba da farko abin dariya ya mai da shi. Yana zaune a bencinsa na ƙofar shago yana ce wa masu wucewa su zo su ga zamani, firji ma yanzu ɗibar jini ake masa, saura a kira ki ki sa masa ƙarin ruwa. Wata rana da la'asar, ina naɗe tiyo, sai ya tambaye ni gas ɗin da ya saki tun yana saurayi fa, ruwan sama ya wanke shi? Na ce ban sani ba. Na kira malamar a waya, ta ce na tsohon yayin nan ruwa ba ya wanke shi, yana fin rayuwar mutum daɗewa a sama, wanda aka saki tun kafin a haife mu ma mafi yawansa yana nan. Na yi ta juya maganar a raina ko in gaya masa ko in bari, daga ƙarshe na gaya masa yadda ta faɗa. Ya ɗaga kai ya daɗe yana kallon sama da idon nan nasa da ba ya gani sosai. Bai yi maganar laifi ba, don ya ce ba wanda ya taɓa gaya musu. Cewa ya yi abin mamaki ne, duk firjin da ya gyara a shekarun nan sun mutu sun yi tsatsa, masu su da yawa sun riga mu gidan gaskiya, ashe abin da ya rage na aikinsa shi ne wanda ya zubar. Sannan ya tambaya ko a saman garinmu yake tsaye. Na ce an ce duniya duka yake gauraye. Ya yi dariya ya ce ashe nasa ya riga ki zuwa can, ba fasfo ba biza.

Washegari ya ɗauki sandarsa ya ce in ɗora inji a baro in biyo shi. Ashe yana riƙe da duk gidan da firji ya taɓa mutuwa a hannunsa. Kin san mutanenmu ba sa yar da mataccen firji. Tela na bakin titi zare da yadi yake ajiyewa a nasa. Wani tsohon malamin makaranta littattafai ya jera a ciki don gara. Akwai gidan da muka tarar kaza ta kwanta a kan ƙwai a ƙasan firiza, sai da muka yi aikin a hankali tana hararmu. Da yawansu gas ɗin yana nan a ciki, jira kawai yake 'yan gwangwan su zo da guduma su fasa don jan ƙarfe, shi kuma Baba so yake ya riga su. In mun shiga sai ya gaisa, ya tambayi kowa da kowa har jikoki, ya sha ruwa, sannan ya kawo maganar sama da zafi da murfin tukunya, ya ƙara mata gishirin da malama ba ta sa ba. Mutane suna yarda don shi ne. Wasu mun tarar babu komai a ciki, ya daɗe da zurarewa, sai ya buga gefen firjin ya ce wannan ya riga mu. Rabon da in ga Baba da irin wannan kuzari tun Inna tana da rai, har abinci ya ƙara ci, ni kuma na ji daɗi na saki jiki.

A gidan wani tsohon direba, abokin wasansa, aka yi abin. Muna gamawa direban ya ce cikin tsokana, to shi mai wa'azi, nasa na gida fa, wanda duk garin nan babu wanda ya kai shi tsufa? Aka yi dariya, Baba ma ya yi. Amma daga nan gida ya nufa kai tsaye, ni ina tura baro shi yana gaba da sanda.

Kin san firjin, amma kin daɗe ba ki gan shi ba. Yana nan a kusurwarsa, da mariƙinsa da aka ɗaure da waya, da farin ƙyallen nan mai huji-huji da Inna take shimfiɗa masa a kai, da filas ɗinta a sama. Shekarar da aka haife ki Baba ya kawo mata shi. Babu komai a ciki yanzu sai gorunan ruwa da maganin idonsa. Abin da wataƙila ba ki sani ba shi ne ya daɗe yana yoyo, kuma yoyon a cikin bango yake, inda hannu ba ya kai sai an farke firjin. Baba yana da wani tsohon gwangwanin gas a saman kwaba, irin wanda yanzu ko a kasuwa babu, da shi yake ƙara masa duk lokacin da sanyi ya ragu. Ma'ana dai firjin Inna yana sakin mafi munin gas ɗin a hankali, Baba yana ɗura masa, kuma shi ya fi kowa sanin haka.

In an kawo wuta firjin yakan yi wata girgiza, kwalabe su kaɗa, sannan ya kama gurnaninsa. A kan wannan gurnanin Baba yake kwanciyar rana, a tabarma dab da shi. Maman yara ta ce takan ji shi yana magana ƙasa-ƙasa in ta wuce ta taga. Ban taɓa tambayarsa ba, shi ya gaya mini da kansa ranar da ya kawo maganar kashewa. Ya ce muddin abin nan yana ƙara, ji yake kamar Inna tana wani ɗan aiki a ɗakin, bai ga fuskarta ba dai amma tana nan. Ya faɗa kamar yana ba ni labarin farashin kaya, ni kuwa sai da na fita waje na tsaya.

Na kawo masa duk dabarar da na sani. Na ce a canza masa kwamfuresa, wato injin da yake gurnanin, a sa sabon gas, ya ce yoyon fa, kuma in an canza ai muryar wani firjin ce ba tasa ba. Na ce to a bar shi, gwangwanin ya kusa ƙarewa, zai mutu da kansa. Ya ce wato ya zauna yana kallo har na ciki ya gama zurarewa, bayan ya shiga gidajen mutane ya sha ruwansu ya sa sun ba da nasu? Raina ya ɓaci, na ce duniya ba za ta yi sanyi don firjin Inna ɗaya ba, masu manyan masana'antu ma ba su hana kansu barci ba. Ya ce ya sani, ba ta yi sanyi don na Hajiya mai ƙanƙara ba ma, amma ai na ari sikeli na auna. Na sake kiran malama, ta ce gangar jikin za ta iya zama a ɗaki muddin ba a farke bangon ba, don soson da ke ciki ma yana riƙe da nasa gas ɗin, wannan ma sabon abu ne a wurina. Saboda haka kayanki ba zai bar kusurwarsa ba, da ƙyallensa da filas. Shiru kawai zai yi.

In kin tambaye ni ra'ayina, a rabe nake. Ta fuskar aiki gaskiyarsa ce, kuma ina alfahari da shi fiye da yadda zan iya gaya masa. Amma tsoro nake ji, Yaya. In an ɗauke wuta yakan zauna a bakin gado yana jira, ya san za a dawo da ita. Wannan kuwa babu abin jira, kuma ban san me zai yi da ranakunsa ba in yawon gidaje ya ƙare, don ya kusa ƙarewa. Akwai kuma abin da na kasa ganewa duk da na sa masa ido. Ban sani ba ko izini yake nema a wurinki, ko kuwa wanda zai hana shi yake nema. Jiya da safe ya tambaye ni ko na rubuta miki, na ce tukuna, ya ce babu gaggawa. Kafin magariba ya sake kirana yana faɗa wai me nake jira. Ke kika fi ni sanin halinsa, wataƙila in kin ji muryarsa ki gane.

Ki gaishe mini da maigidanki da kyau, ki ce ina nan ina jiran amsar tambayar da na yi masa a kan injin ɗumama ɗakinku. Ki shafa mini kan Auta, ki ce wa Dogo kawunsa ya ji labarin jarrabawa kuma ya ji daɗi. Maman yara tana gaishe ki, ta ce hotunan sun iso amma kin rame. Gwaggo tana gaisuwa, Kawu na gareji ma haka, yara kuma kullum sai sun tambayi yaushe za ki zo.

Amsar wannan takarda kada ki aiko mini, shi za ki kira. In kin ce a'a, ki gaya masa da bakinki, ni kuma in miƙa inji ga na gaba ba tare da na ƙara ko kalma ba. In kuwa kin yarda, to ga roƙona. Ki zaɓi ranar da ba ki da aiki ki sanar da ni. Ya ce shi zai zare soket da hannunsa. Zan ɗora waya a kan firjin, ke kuma ki yi ta magana, ko labarin yara, ko na asibiti, ko ki yi mini faɗa yadda kika saba, kada ki tsaya sai na gama na naɗe tiyo. Ba na so abin da zai fara ji a ɗakin Inna bayan ya zare ya zama shiru.

Allah Ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Ƙaninki na shago.